Wata Huɗu a Lambun Gida Uku

Sabo, Shagamu
9 ga Rajab, 1404

Zuwa ga taubashiyata Saude, ɗiyar Kawu, a Tungar Kaiwa ta ƙasar Gatawa.

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda bawa ke yi wa uwargijiyarsa in shina neman wani abu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Halliru da yara. Ina Inna? Yaya idon nata? Direban da ya kawo mini saƙonku na ƙarshe ya ce yanzu sai an kama mata hannu zuwa bayan ɗaki. Tun da na ji maganar nan ban ƙara jin daɗin tuwo ba. Allah shi saka miki da alheri, kin ɗauki kayan da ni ya kamata in ɗauka.

Mu nan lafiya lau. Ina nan ga ɗaurin huhun goro, hannuna duk ya rine. Ɗiyata Larai ta shiga shekara bakwai, Yarbanci a bakinta kamar ruwa. Tun rasuwar uwarta ba ta da magana sai ta kakarta da ba ta taɓa gani ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ki zauna kafin ki karanta, don na san ki da ihu. Za ni dawo gida, Saude.

Kin san abin da ya hana ni. Shekarar waccan yunwar munka sayar da gonar Baba munka ci, na fito da rantsuwar ba ni komawa sai da ƙasar da za ni duƙa a kanta. Yau shekara goma ke nan. To makon jiya Ɗan'auta dillali ya sauka nan Sabo da motar albasa, wani ɗan kamasho na tasha ya kawo shi har rumfarmu. Ashe 'ya'yan marigayi Yari na son sayar da rabonsu na Lambun Gida Uku. Kin san shi ai, lambun fadama na bayan gari, wanda kakanni uku sunka haɗu sunka gina mishi rijiya, sunka raba shekara wata huɗu-huɗu, kowane gida da watanninsa. Na gidan Yari su ne Zulƙida, watan Layya, Cika-ciki da Safar. Na gani da idona a takarda.

Saude, watannin albasa ke nan! Ranar da na bar gida, kwana uku bayan Layya, sanyi na cizo, na bi ta gefen lambun nan. Yari na bakin jigo shina ɗiban ruwa shina waƙa, fangalin albasa kore shar, alhali ko'ina ya bushe ƙamas. Ya tsinko lawashi ya cusa mini a aljihu ya ce in haɗa da ƙuli a hanya. Shekara goma, in na rufe ido abin da nake gani ke nan.

Na biya. Duk abin da na tara na ba Ɗan'auta, na sa hannu. Zai kawo takardar wurin Halliru shi tsaya mini shaida gaban mai gari. In Zulƙida ya kama, sanyi ya sauko, za ki gan ni da Larai da irin albasa a ƙulle. Ki gaya wa Inna a hankali, kada murna ta kayar da ita.

Bawanki,
Na'Allah

Tungar Kaiwa
Ƙarshen bazara, cikin Azumi, ana ta duban gabas

Zuwa ga bawana Na'Allah.

Na amsa gaisuwa, tun da ka san matsayinka. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, kaza ma ta fi ni iya jan layi. Halliru da yara suna gaishe ka. Gwaggo, Innar taka, tana nan da sauƙi, na hana ta azumi ta ƙi, ta ce ba ni na haife ta ba. Idon dai sai haske da duhu take rarrabewa.

Gari ba daɗi. Hadari na haɗowa da la'asar, iska ta zo ta watsa shi, mu koma mu zauna. An rufe iyaka, hatsi ya yi tsada, ga mutanen arewa suna ta wucewa da shanun da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa. Wasu sun yi binne tun watan jiya, irin na nan kwance cikin ƙasa.

Takardarka sati bakwai ta yi a hanya, direban ya ce motarsa ta kwanta a Kwantagora. Ɗan'auta ya riga ta zuwa da wata guda cur. Ya zo da sa hannunka, ya ce kai ka nemi abin da kanka, ka san komi game da shi. Halliru ya tsaya shaida, anka yi addu'a, anka raba goro. Da takardarka ta riga shi isowa, da zancen ba haka yake ba. An ci kuɗinka da hannu biyu, wannan ko tantama ba ni yi.

Na karanta wa Gwaggo. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta sa na maimaita mata wurin Larai sau uku. Da na kai wurin irin albasa sai ta tsayar da ni. Ta ce in gaya maka kada ka yi gaggawar tahowa, kuma kada ka saki aikinka tukuna.

Ni kuwa abu guda za ni roƙe ka. Ka zauna ka ƙirga da yatsunka, daga Azumin nan zuwa Zulƙida, ka gaya mini abin da ka samu. Bakina ya yi nauyi yau, azumi gare ni.

Uwargijiyarka,
Saude

Sabo, Shagamu
16 ga Shawwal

Saude,

Barka da Salla. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya.

Na ƙirga, wata biyu ne, ko Larai ta san wannan. Ban gane wasan ba, kuma ba lokacin wasa ba ne.

Kin ce an ci kuɗina da hannu biyu. Hannun Ɗan'auta ɗaya ke nan. Na biyun na wa? Mutum guda na sa a maganar nan, shi ne ya tsaya shaida. In Halliru ya karɓi wani abu, ki faɗa mini kai tsaye. Na san yunwa, na san abin da take sa mutumin kirki ya yi, ba ni riƙe shi. Amma kada a yi ta zagaye da ni kamar baƙo.

Abin da ya fi ci mini rai maganar Inna ce. Shekara goma ina kwana ina tashi da ita a zuciya, yau na ce ga ni nan, sai a ce kada in yi gaggawa? Ko an gaya mata za ni zo in ƙara muku baki ne ga tukunya? Ko fushi take yi da ni don na daɗe? In fushi ne tana da gaskiya, amma ta bari in zo ta yi shi a gabana.

Kwana uku takardarki na aljihuna, ina fiddo ta ina mayarwa, har maigidana ya tambaye ni ko sammaci ne.

Na'Allah

Tungar Kaiwa
Tsakiyar damina, in ana kiran wannan damina

Na'Allah,

Gaisuwa dai ba a fasa ta ko ana faɗa, don haka ina gaishe ka, ina gaida Larai. Gwaggo lafiya, sai rama, kamar kowa.

Kai, amma ka ba ni mamaki! Halliru? Mutumin da ya sayar da rigarsa ta Salla ya sayo wa uwarka maganin ido a Isa? Ban karanta mishi wurin ba, na tsallake, kai ma ka tsallake shi a zuciyarka. Hannu biyun duk na Ɗan'auta ne. Ya karɓi la'ada gare ka, ya karɓa ga 'ya'yan Yari, kuma kuɗin da ya faɗa musu ba shi ya faɗa maka ba. Abin da nake nufi ke nan.

Amma laifina ne, na yi ta kewaye-kewaye don ina jin tausayinka. Yau za ni faɗa maka ƙarara. Ranar da nake rubutun nan huɗu ga Zulƙida. Watanninka sun kama. Ka tambaye ni ina sanyi? Zufa nake yi, gero ya kai gwiwa shina neman ruwa. Tsakiyar damina muke, Na'Allah.

Watan sama ba ya tsayawa wuri guda, kai ma ka sani, kowace shekara shina matsowa da kwana goma sha ɗaya. Layyar da ka bari cikin sanyi ta daɗe da barin sanyi. Bana sai gero ya fid da kai za a yi ta. Na je wurin Malam Amiru, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda sunka ga ginin rijiyar. Ya ce da gangan tsofaffin sunka raba da watan sama, don rani ya riƙa zagayawa gida-gida, kowa ya ci nasa zamanin, kada gida guda ya riƙe albasa har abada. Gidan Yari sun ci nasu, kai ka ga ƙarshensa da idonka ranar da ka tafi. Yanzu rani na hannun gida na biyu. Watanninka kuwa sun faɗa cikin ruwa, kuma ka san fadamar nan, in damina ta yi kyau har wuyan mutum take cika, ko bakin rijiyar ba a gani.

Na ce, Malam, yaushe za su koma sanyi? Ya ƙirga da tasbaha ya ce shekara ashirin da 'yan kai.

Shekara uku Ɗan'auta na yawo da takardar nan, Sabon Birni, Isa, Shinkafi, kowa ya gani sai ya yi dariya. Shi ya sa ya hau motar albasa ya tafi neman wanda ya daɗe bai ga gida ba. Halliru ya ɗauka ka sani, ya ce wataƙila Larai kake saya wa don gaba.

Gwaggo ba fushi take yi ba, wawa. Ita ce ta fara ganewa, da idon da ba ya gani. Tsoro take ji ka saki na hannu ka zo ka tarar da tabki. Tun ranar ba ta ƙara tambayata yaushe za ka zo ba, amma duk motar da ta tsaya bakin hanya sai ta ɗaga kai.

Ka yi haƙuri, ɗan Gwaggona.

Saude

Sabo, Shagamu
20 ga watan Layya

Saude,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki riƙe mini ƙafar Halliru ki ba shi haƙuri, ko da bai san abin da na yi mishi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki a rumfa, na zauna kan huhun mutane ban sani ba.

Kina ganin ban san wata na tafiya ba? Na sani. Da wani ya tambaye ni da na ba shi amsa. Amma ƙasar nan ba ta da rani irin namu, ruwa kusan kowane wata, ba sanyin da ke fasa ƙafa. Shekarun nan Layya na zuwa muna yanka cikin laka, na ɗauka halin ƙasar Yarbawa ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa Layyar da ke jiƙa ni nan ita ce ke zuwa Tungar Kaiwa ba. A kaina gida na nan yadda na bar shi, Yari na bakin jigo, Inna na gani da idonta biyu, ke kina da ciki na fari. Ashe ni kaɗai na tsaya.

Na tuna zamanmu da Ɗan'auta kalma-kalma. Ban ji ya ce rani ba ko sau ɗaya. Ni na yi ta zuba zancen albasa, shi kuwa shina taunar gorona shina cewa, "Ai ka san lambun, mi za ni gaya maka?" Ɗan kamashon da ya kawo shi na gefe shina gyaɗa kai. Na neme shi a tasha, an ce ya bi mota Fatakwal. Na fara zargin ba ni ne na farko ba, don akwai wani mutumin Burkusuma nan Sabo da sunka sayar wa rabon wata rijiya bara, shi ma bai je ya gani ba tukuna.

Ki sa Halliru shi kai maganar gaban mai gari. Ba ni da bakin cewa a maido mini komi, amma ina son a tambaye shi gaban mutane: da ya ji ina cewa sanyi, mi ya hana shi buɗa baki?

Na ƙulle irin albasar na ajiye. Larai na tambayata ranar tafiya, na ce mata mota ta lalace.

Na'Allah

Tungar Kaiwa
Kaka, ko da yake ba abin da anka kai rumbu

Bawana,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwaggo na gaishe ka, jikinta ya fi na da, za ka ji dalili. Yara biyu sun yi ƙyanda sun tashi, alhamdu lillahi.

Ba Halliru ya je gaban mai gari ba, ni na je, shi ya rako ni. Ka san shi da sanyin baki, da an bar shi shi kaɗai da har godiya zai yi wa mutumin. Na tsaya bayan zana na ce a tambayi Ɗan'auta abin da ka ce. Ka san mi ya faɗa? Ya gyara hula ya ce, "Ranka shi daɗe, ni watanni na sayar, ban sayar da rani ba. Rani na Allah ne. Ga takarda, a nuna mini ƙarya guda a ciki." Anka karanta, babu. Na ce to la'ada biyu fa? Ya ce dillali ba ya da gona sai bakinsa. Na ce bakin nan wuta za ta ci shi. Mai gari ya ce in yi hankali. Malam Amiru ya ce ciniki ya ɗauru a shari'a, amma wanda ya ga makaho zai faɗa rami ya yi shiru, shi da Allah. Ɗan'auta bai ko sunkuyar da kai ba. Iyakar abin da munka samu ke nan.

To saurara ka ji ikon Allah. Damina ta ƙi. Ruwa uku anka yi, na ƙarshen ko ƙura bai kashe ba. Gero ya tsaya ya ƙone a tsaye. Fadama kuwa ba ta cika ba, ko kusa. Halliru ya dubi lambunka a bushe, rijiya da ruwa ko da ya yi ƙasa, ya ce zunubi ne a bar shi. Ya ƙara wa jigo igiya, ya sa masara da dankali da 'yar kuɓewa. Ni da shi muke ɗiba, kafaɗata har yau ba tawa ba ce. Na'Allah, gari duk ja, lambunka kaɗai kore. Masarar nan ita muke ci, ita Gwaggo ke sha a kunu, mun kai wa gidaje shida. Jibi Safar zai ƙare, mu kwashe mu ba gida na biyu wuri.

Yanzu ka ji ƙarshen rashin kunya. Shekaranjiya Ɗan'auta ya yi sallama ƙofar gidanmu, wai a gaya maka zinariya ya sayar maka ba ka gode ba. Wai malamai sun ce farin nan shekara bakwai zai yi, in ka riƙe lambun ka warke, in kuma kana son sayarwa shina da mai saye. Na watsa ruwan wanke-wanke ta kan katanga, ban dai same shi ba.

Amma maganarsa ta tsaya mini. Lambunka na ciyarwa, Na'Allah, sai dai ba ya ciyarwa sai shekarar da sama ta hana kowa. Ban san ko albishir nake yi maka ko jaje ba.

Saude

Sabo, Shagamu
3 ga Sha'aban, 1405

Uwargijiyata Saude,

Gaisuwa bayan dogon shiru. Ba fushi ba ne, ciwon ƙirji ya kwantar da ni wata biyu, na tashi kuma ban san abin da za ni rubuta ba. Yanzu na warke sarai. Larai lafiya, ta fid da haƙoran gaba. Yaya Inna? Yaya kafaɗa?

Da na karanta cewa Inna ta sha kunun masarar lambuna, na shiga bayan rumfa na yi kuka irin na yara. Shekara goma sha ɗaya, wannan ne karo na farko da ta ci abin da ya fito daga ƙasata. Ko iyakarsa ke nan, ban yi asarar banza ba.

Za ni gaya miki wani abu, kada ki karanta wa kowa. Makon jiya wani direba ya sauka daga wajenmu, na tambaye shi labarin sama. Ya ce ko alamar hadari babu, mutane na cewa bana ma sai ta Allah. Saude, zuciyata ta yi fari. Kafin in ankara na ji daɗi. Na tuna yaran da sunka yi ƙyanda da ciki wofi, na tuna shanun da kika ce, na tashi na yi alwala na yi ta istigfari. Wane irin ciniki ne wannan, da zai sa ɗan Gobir ya ji daɗin fari? Abin da Ɗan'auta ya yi mini ke nan, ya fi kuɗin ciwo.

Ga abin da na yanke. Ba ni sayarwa, kada ya je ya rataya wa wani irina. Ba ni kuma roƙon komi sai abin da kowa ke roƙo. Za ni jira Zulƙida. In fadama ba ta cika ba, ki aiko, ko da kwana guda ba ni ƙarawa, in zo in karɓi jigo daga hannun Halliru. In ta cika, to na gode wa Allah, sai in ƙara ɗaura ɗamara nan in sake tari, ko Allah zai sa in samu 'yar gona ta tudu. Ba ni iya zuwa in zauna a gidan mijinki ina miƙa hannu, ga ni ga ɗiya.

Ina kewar gida, Saude. Ina kewar furar da ba a sa mata sukari, da yadda Inna ke kiran sunana tana jan ƙarshensa. Nan ba wanda ya iya faɗinsa daidai.

Na'Allah

Tungar Kaiwa
Damina

Na'Allah ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka, ina gaida Larai mai giɓi. Kowa lafiya. Gwaggo na nan zaune kusa da ni, ta ce ba ta tashi sai na gama.

An yi ruwa.

Sau uku munka fita roƙo, maza a filin Idi, mu mata da yara muna zagaya gari. Bayan ƙaramar Salla ya fara, kaɗan-kaɗan, munka yi shuka da tsoro. Sai ran Talatar da ta wuce, bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin, ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Washegari ya ƙara. Tsofaffi na kuka, Halliru ya tsaya tsakar gida ba riga kamar mahaukaci. Gero ya yi baƙi, shina ta hauhawa. In Allah ya kai mu kaka, bana ba mai cin ganyen tafasa da sunan tuwo.

Jiya na je fadama da kaina don kada in rubuta maka jita-jita. Tun daga gindin iccen kaiwa ruwa ne har inda ido ya tsaya. Kan jigon kaɗai ke waje, wani balbela na zaune a kai. Yau tara ga Zulƙida.

Ɗan'auta ya wuce ni a hanya, ya kau da kai. Mai sayen nasa ya ɓace, ka sani.

Ranar babban ruwan Gwaggo ta sa na kai ta bakin ƙofa. Ta miƙa hannu waje har ya jiƙe, ta shafa a fuska, ta yi hamdala. Can ta ce, "Saude, wannan ya kai fadama?" Na ce ya kai, Gwaggo. Ta ce, "Ya rufe?" Na ce zai rufe. Ranar tuwon ma kaɗan ta taɓa.

Ka ce kada in karanta wa kowa takardarka. Na saɓa maka, na karanta mata duka, har wurin direban. Ka yi mini duk faɗan da za ka yi. Ta ce in gaya maka ba kai kaɗai ba ne. Ta ce ita ma ta yi roƙon ruwa tare da mutane, kuma da gaske ta yi, amma duk sanda liman ya ɗaga murya sai amin ɗinta ta fito ƙasa-ƙasa. Ta ce Allah ya san zuciyar uwa, zai yafe muku ku biyu.

Yanzu ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ta ce shekara ashirin ba tata ba ce, sabon tarin da kake faɗi ma ba ta san ko nata ba ne. Ta ce rantsuwar da ka yi kai ka yi ta, ba ita ta sa ka ba, ka yi azumi uku ka warware. Tana da akuya guda da ta tsira, ta ce Halliru shi kai ta kasuwa a aiko maka kuɗin mota, kai da yarinyar. In ka ga ba ka iya zama, ka yi ko kwana bakwai ne ka koma ga goronka. Tana son ta shafa fuskar Larai tun hannunta na ji.

Na ce mata, Gwaggo, kin san shi da girman kai, zai ce ba shi da ƙasar da zai duƙa a kai. Ta ce, "Rubuta mishi, ni ba lambu na haifa ba."

Na rubuta. Direban zai tashi ran Alhamis, zai juyo bayan sati biyu. Na ce ya bar wuri biyu a gaba.

Saude